Nuhu Mai Faci da Kayan Sylvanus

Mutanen Makera ba su san shi da wani suna ba sai Nuhu Mai Faci, ko da yake faci kaɗan ne daga cikin aikinsa. Ɗan Soba ne. Ya zo Kaduna yana saurayi a shekarar 1971, ya sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a ɓangaren da ake duba yadi kafin a naɗe shi. Shekara goma sha biyu ya yi a tsaye, yadi yana wucewa ta gabansa, shi kuwa aikinsa ya hango inda zare ya tsinke ko inda rini ya zarce. A nan ya sami idon da ya ci abinci da shi daga baya. Da aka zo rage ma'aikata a ƙarshen 1983, sunansa na cikin takardar da aka manna a bakin get. Ya karanta sau biyu, ya koma gida ya gaya wa matarsa Hajara, washegari ya shiga kasuwa ya sayo tsohon keken ɗinki na hannu.

Ɗinkin tun yana yaro ya koya a wurin kawunsa, bai dai taɓa zaton zai koma masa ba. Shago ya fi ƙarfinsa, don haka sai ya naɗa gammo ya ɗora keken a ka, ya rataya jakar zare da allurai, ya kama hanya yana kaɗa almakashi don matan cikin gida su ji wucewarsa. Daga Makera ya ratsa Barnawa, wata rana ya kai har Narayi, ya dawo da la'asar wuyansa a sage.

Lokaci ne na tsuke bakin aljihu. Atamfa ta yi tsada, shadda kuwa sai kallo, mutane suka koma buɗe tsofaffin akwatuna. Nuhu ba ya ɗinka sabo. Shi dai a kawo masa shat ɗin da wuyanta ya cinye, ya farke wuyan da reza ya juya shi, ta koma kamar jiya aka saye ta. Babbar rigar uba yakan fitar wa 'ya'ya biyu kaftani a cikinta, har ya rage ƙyallen hula. Zane biyu da suka mutu ta gefe yakan haɗa su su zama ɗaya mai rai. Kuma ba ya ɓoye ra'ayinsa. Ya sha ce wa mace, "Hajiya, wannan gyalen ba abokin wannan zanen ba ne, ɗauko wancan kore da na hango a igiya." Wasu su ji haushi, amma in suka gwada sai su yi shiru. Ana cewa in ya kalli mutum sau ɗaya ya san faɗin kafaɗarsa, tef ɗin don kwanciyar hankalin mai kaya kawai yake fito da shi.

A watan Yuni na 1985, farkon damina, wata mata ta kira shi a Narayi. Narayi ta wancan lokaci rabi gari ce rabi gona. Gidan matar shi ne na ƙarshe a layin, ginin bulo ba filasta, bayansa gonar dawa ce da ta gangara har rafi. Doguwa ce, baƙa, da ɗankwali ɗaure tam har gira. Sunanta Scholastica, amma a unguwar Sikola ake ce mata.

"Malam, kana rage kayan maza?"

"Ina ragewa, Madam."

Ta shiga ta fito da wando huɗu, shat biyar, da kwat mai ruwan toka. Nuhu ya ɗaga wando ɗaya ya ga na ƙaton mutum ne.

"Na maigidana ne," in ji ta. "Ya rame."

"Allah ya ba shi lafiya. Sai ya fito in gwada shi."

"Ba ya fitowa."

"To ni in shiga, in babu damuwa."

"Ba a shiga."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo masa zaren buhu mai ƙulli uku, ta nuna masa: wannan ƙugu, wannan ƙirji, wannan kafaɗa. Nuhu ya auna zaren a jikin wandon ya ga sai an cire kusan inci huɗu. Bai yi mamaki ba. Ya sha ganin gidajen da ake ɓoye mara lafiya saboda kunya ko tsoron baki. Ya shimfiɗa buhunsa a baranda ya fara aiki.

Gidan shiru ne ƙwarai. Babu yaro, babu rediyo, ko kajin maƙwabta a bakin hanya suke tsayawa. Kusa da inda ya zauna akwai taga da aka toshe da kwali daga ciki, kuma a jikin kwalin akwai huda ɗaya kamar ta yatsa. Muddin keken na tafiya ba ya jin komai. Amma duk sanda ya tsaya zai sauya zare, sai ya ji numfashin mutum daf da kwalin, a hankali, irin na wanda yake ƙoƙarin kada a ji shi. Nuhu ya yi sallama ga tagar, ya ce, "Sannu da jiki, maigida." Ba a amsa ba. Numfashin ma ya ɗauke, sai da ya ci gaba da juya keken.

Bayan mako uku ya sake biyowa, ya tarar da ita tsaye a ƙofa kamar ta san ranar. Kayan nan dai ne, da sabon zare, ƙullin ya matso. Bayan wasu makonni uku ma haka. A zuwa na huɗu wandon ya koma kamar na ɗan sakandare, aljihunan baya biyu sun kusa haɗuwa a tsakiya, layukan allinsa na baya duk suna nan a ciki suna bin juna.

Abin da ya fi damunsa ba ramar ba ce. Kayan ana sa su. Wuyan shat yana zuwa da dattin gumi, gwiwar wando da jar ƙasa. A watan Satumba ya tsinci ƙarangiya maƙale a ƙafar wando, ya kuma zaro busasshen ganyen dawa daga aljihu. Mara lafiyar da bai iya fitowa baranda, ina ya samo ƙarangiya? Ya cire ta ɗaya bayan ɗaya ya zubar, ya ji kamar akwai ido a hudar kwalin nan yana bin yatsunsa.

A kwanar layin akwai wani dattijo, Baba Matthew, tsohon ma'aikacin reluwe da ke sayar da kananzir a gindin mangwaro. Nuhu kan sauke keke a wurinsa ya sha ruwa. Ran nan dattijon ya tambaye shi, "Wai me kake ɗinkawa ne kullum a gidan Sikola?"

"Kayan maigidanta."

"Sayarwa za ta yi ke nan?"

"A'a, ragewa ake yi. Ya rame."

Baba Matthew ya ajiye mazurarin da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallon Nuhu.

"Malam, Sylvanus ya mutu bara. A watan Agusta. Yana da gona a hayin kogi, kwale-kwale ya kife da su su shida, aka tsamo biyar, shi ba a gan shi ba. Kwana tara muna bin bakin ruwa. Fada ya yi masa addu'ar matattu a coci, ni na riƙe hotonsa a gaba. Matar nan ita kaɗai take a gidan, Allah bai ba su haihuwa ba."

Nuhu ya ajiye kwanon ruwan. Ya so ya ba da labarin numfashin, sai ya fasa. Ya ɗora kekensa ya kama hanyar Makera, bai kaɗa almakashi ko sau ɗaya ba har ya isa gida.

Hajara ta saurare shi har ƙarshe tana tsince shinkafa. Ta ce, "Malam, garin nan da faɗi. Ka bar musu Narayi." Ya ce to. Mako biyar bai taka can ba. Amma in yana aiki a wani gida ya ɗaga wuyan shat, sai abin ya dawo masa. Shi dai ya san gumi. Ya san yadda yake cin yadi, ya san warinsa, kuma wanda ya gani a kayan nan sabo ne.

Wata Laraba da azahar aka yi sallama a ƙofar gidansu. Scholastica ce, ta yi ta tambaya tun daga bakin titi har aka nuno mata gidan. Hajara ta shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida ta kawo ruwa. Matar ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta fito da kwat ɗin nan mai ruwan toka.

"Shafin cikinta ya yage, Malam. Na san yadi ya yi tsada, shi ya sa na zo da wannan, ko zai yi."

Ta ajiye farin alawayyo a ninke. Nuhu ya warware shi a kan cinyarsa. Ƙyalle uku ne. Babu kalmasa a ko ɗaya, kuma ba almakashi ne ya yanka su ba, da hannu aka yage. Ɗaya an tsaga shi a tsakiya daidai shigar kai. Cikin ninkin akwai 'yan siraran tsumma uku na ɗauri. An wanke shi, amma da ya kai hanci sai ya ji sauran ƙanshin kafur. Hajara, da ke tsaye a bakin madafa, ta gane a daidai lokacin da ya gane. Ta ja da baya ta shige ɗaki.

"Madam, ina kika sami wannan?"

"Da shi ya dawo."

"Wa?"

"Sylvanus. A jikinsa ya dawo da shi."

Nuhu ya ninke alawayyon a hankali, ya ajiye shi a kan tabarma tsakaninsu. "Wannan likkafani ne. Irin wanda muke sa wa mamatanmu."

Ta kalli ƙyallen. Ba ta yi kuka ba. Sannan ta ba shi labari. Wata bakwai bayan kifewar kwale-kwalen, ta fito da sassafe za ta ɗebi itace a bayan gida, ta ga mutum tsugune jikin bango, lulluɓe da farin nan a kan wani yagaggen wando. Ta san ƙeyar mijinta. Abin da ya fara ce mata shi ne kada ta gaya wa kowa. Tun daga ranar yana ɗaki. In an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya shige ƙarƙashin gado. Abinci loma biyu ne. Kafin gari ya waye yakan zaga cikin dawa ya yi 'yar ciyawa, ya dawo kafin a fara fitowa. Amma kullum sai ya sa kaya tsaf, har maɓallin wuya, ya zauna bakin gado.

"Na ji tsoro, Malam. In na faɗa, wasu za su ce na haukace, wasu za su ce na tsare matacce a ɗaki da asiri. Shi kuma ya ce in na kira mutane zai koma inda ya fito."

Nuhu ya ɗaga kwat ɗin ya dudduba. Can ya ce, "Zan gyara ta. Amma ba da wannan ƙyallen ba. Kuma ba zan sake rage masa ko inci ɗaya ba sai na gwada shi da hannuna."

Washegari da hantsi ya isa Narayi. Scholastica ta shiga ɗakin ta rufo ƙofa. Ya daɗe a baranda yana jin muryarta ƙasa-ƙasa, ba ya jin ta biyu. Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Da ta leƙo ta yafito shi, ya tuɓe takalmi, ya rataya tef a wuya, ya shiga.

Ɗakin duhu ne, sai zaren haske ɗaya da ya shigo ta hudar kwali ya sauka a kan siminti. Da idonsa ya saba, ya ga mutum zaune a bakin gado, hannuwansa bisa gwiwa. Ya gane shat ɗin, shi ya rage ta sau huɗu, amma har yanzu rataye take a jikin kamar a ƙusa. Gemu ya sauko har ƙirji, rabinsa fari.

"Kai ne mai keken," in ji mutumin. Muryar a dushe take.

"Ni ne."

"Ina jin ka. In kana ɗinki ruwan yakan yi shiru."

"Wane ruwa, maigida?"

"Na cikin kunnena. Tun ranar bai tsaya ba."

Nuhu ya sauke tef daga wuyansa. "Ka daure ka miƙe in gwada ka."

Sylvanus ya miƙe. Ya fi Nuhu tsawo da kai guda. Nuhu ya matsa, ya zagaya da tef ta ƙarƙashin hammatarsa, bai san me hannunsa zai tarar ba. Ya tarar da haƙarƙari a jere, da ɗumi, da bugun zuciya mai sauri kamar na tsuntsun da aka kama.

"Ka ji wani abu?" Sylvanus ya tambaya.

"Na ji zuciyarka."

"Sikola ma haka take cewa. Amma ita matata ce, dole ta faɗa."

Nuhu ya ci gaba da awo, kafaɗa, hannu, ƙugu, yana yi a hankali don mutumin ya fara magana kuma bai so ya katse shi. Sylvanus ya ce bai san kwana nawa ruwa ya yi da shi ba. Abin da ya tuna shi ne hannaye suna juya shi, ana zuba masa ruwa mai sanyi, yana ji amma ya kasa ɗaga ko fatar ido. Wasu masunta ne can ƙasan kogi suka tsince shi a kan yashi. Ba su san ko shi wane ne ba, suka yi masa abin da suke yi wa nasu. Ya ji an naɗe shi, an ɗaure kai da ƙafa, ya ji sun jeru a kansa. Sai tari ya zo masa. Suka watse, daga baya wani tsoho a cikinsu ya dawo ya kwance shi. Ya zauna a bukkokinsu watanni bai san sunansa ba, ba ya magana, suna ba shi kifi da tuwo. Ranar da sunan ya dawo masa ya ɗauki farin ƙyallen ya biyo bakin kogi da ƙafa.

"Da na iso, Sikola ta ce nan ma an yi mini addu'ar matattu. Can an sallame ni, nan an sallame ni. Malam, ta ina zan koma cikin mutane?"

Nuhu ya naɗe tef ɗinsa. "Malam ɗin nan da ake ce mini na girmamawa ne kawai, ban san amsar wannan ba. Abin da na sani, wata huɗu ina rage maka wando. Gumin wuyanka ya cinye mini shat biyu. Na cire maka ƙarangiya har ta soke ni a yatsa. Duk wannan aikin mai rai ne ya ba ni shi."

Sylvanus ya koma ya zauna.

Nuhu ya tafi da kwat ɗin gida ya yi kwana uku a kanta. Bai rage ta yadda zaren buhu zai ce a rage ba. Ya farke ta gaba ɗaya, ya bar faɗin kafaɗar yadda mutanen Narayi suka san mai ita, ya cusa auduga ya ɗinke, ya matse ta daga ƙugu kawai. Shafin ya yi shi da wata tsohuwar atamfar Scholastica shuɗiya. A cikin shat ɗin nan biyar ya ware mai ruwan sararin sama, ya ce mata fararen a ajiye tukuna. Gemun ma shi ya rage masa da almakashinsa na aiki, a cikin duhun ɗakin, da lalube. Likkafanin kuwa, da yardar su biyun, ya kai wa limamin unguwarsu a Makera, liman ya sa aka sake wanke shi aka ajiye don baƙon da zai rasu ba shi da kowa.

Kwat ɗin ta yi mako uku a rataye ba a taɓa ta ba. Nuhu ya riƙa zuwa duk Asabar ko babu aiki, ya zauna a baranda yana bin tsummoki da keke, ɗinkin da ba shi da amfanin komai, don dai ƙarar ta shiga ɗaki. A Asabar ta uku, cikin Nuwamba, rana ta karkata, ya ji ƙofa ta buɗe a bayansa. Bai waiwaya ba, bai kuma tsayar da hannunsa ba. Sylvanus ya fito cikin kwat da shuɗiyar shat, yana kare ido da hannu, ya zauna a kan benci kusa da shi.

Mata biyu da ke dawowa daga rafi ne suka fara gani. Ɗaya ta saki kwanon wankinta. Kafin a jima mutane sun taru a bakin hanya, sun kai arba'in, babu mai magana, babu mai matsowa. Ƙarar keken Nuhu ce kaɗai ake ji. Sai ga Baba Matthew ya ratso su yana ɗingishi. Ya tsaya taku biyar daga baranda, ya sunkuya ya damƙi ƙasa, don a wurinsu an ce in aka watsa wa fatalwa ƙasa ɓacewa take yi. Ya watsa. Ƙasar ta sauka a kafaɗar kwat ɗin da kan cinyar wando. Sylvanus ya dube ta, ya sa hannu ya kakkaɓe.

"Sannu, Baba Matthew," in ji shi. "Yaya kasuwa?"

Dattijon ya zauna a ƙasa inda yake, ya rufe fuska da hularsa.

Ba kowa ne ya karɓe shi ba. Fada ya zo gidan, ya kuma yi bayani a coci, amma akwai waɗanda har suka bar unguwar ba su yarda sun ba shi hannu ba, akwai matan da suka daina karɓar wuta a gidan Scholastica. Ya ɗan yi ƙiba, ba sosai ba. Ya koma noma a bayan gida, bai sake shiga kwale-kwale ba, kuma ya ce ruwan kunnen ya ragu amma bai tafi ba.

A ranin 1987 ya zo Makera da ƙafarsa ya sami Nuhu. Ya ce yana so ya je ya gode wa masuntan nan, ga gishiri da sabulu ya saya musu, amma ba ya son zuwa shi kaɗai, kuma yana ganin zai fi kyau ya je da wanda ya san yadda ake gaishe su. Nuhu ya ajiye keke ranar. Suka shiga mota zuwa wani ƙauye a ƙasan kogi, daga nan suka taka kusan awa biyu a bakin ruwa, Sylvanus na gaba yana gane hanya da duwatsu. Da rana tsaka suka isa wurin.

Babu kowa. Masunta ba sa zama wuri ɗaya, kuma waɗannan sun daɗe da tashi. Sai turakun bukkoki da suka rage a tsaye, da duwatsun murhu, da wata tsohuwar koma da ta ruɓe a kan ƙaya. Suka zagaya ko za su ga wanda za su tambaya. A kan tudu, bayan wata tsamiya, Nuhu ya ga rami. Dogo ne, siriri, ya miƙe daga kudu zuwa arewa, da ƙaramin rami a cikinsa. Damina biyu ta zubar da gefensa, ciyawa ta fito a ciki ta bushe, amma ga tarin ƙasar da aka haƙo nan a gefe ba a mayar ba.

Sylvanus ya zo ya tsaya kusa da shi. Shi bai san sun kai ga haƙa ba. Suka daɗe a tsaye, iska na kaɗa busasshiyar ciyawar cikin ramin.

"Kai da ka san awona," in ji Sylvanus, "ya yi daidai?"

Nuhu bai so ya duba ba, amma idonsa ya riga ya auna. "Ya yi."

"Ba su da tef."

"Da karan dawa ake aunawa."

Sylvanus ya gyaɗa kai. Ya ajiye ƙullin gishiri da sabulu a gindin tsamiya, ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa ya fara tura ƙasar da hannu. Ta yi tauri, sai da Nuhu ya samo guntun turke yana farfasa masa ita. Sun fi awa guda suna yi. Da ramin ya cika suka tattake shi da ƙafa, suka gangara suka wanke hannu a bakin kogi, Sylvanus yana tsugune nesa kaɗan yana miƙa hannu kada ruwan ya taɓa masa ƙafa. Ƙullin suka bar shi a wurin ko wani masunci zai biyo.

Nuhu ya ci gaba da yawo da keke a ka har 1989, lokacin da wuyansa ya ƙi, likita ya ce ya daina ɗaukar nauyi. Ya kafa tebur a ƙofar gidansa, masu kaya suka koma biyo shi, har daga Barnawa da Narayi. Labarin nan bai cika ba da shi ba. In an matsa masa yakan ce shi gyaran kwat kawai ya yi, sai ya tambayi mai tambayar ko wandon nan da ya kawo ragewa za a yi ko saki. Hajara ce ta fi ba da shi, kuma ita har ta tsufa ba ta yarda an shigo mata da farin alawayyo tsakar gida ba, sai dai mai shi ya tsaya da abinsa a waje.